Gwangwani Da Hujin Allura

 

A zagayen da muka yi da kakar da ta wuce, mun sauka wani ƙauye ranar da 'yan ƙungiyar gama kai suke auna masarar da suka tara. Ana cikin awo sai ga wani saurayi, ɗan ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyar, wanda yake koyon zane-zane a birni, ya zo hutu. Ya fito da babban gwangwanin madara, ya ɗora shi bisa turmi, ya danne shi da dutse domin kada iska ta motsa shi. Sa'an nan ya ce jama'a su jeru gaban buhuna, kada kowa ya motsa har ya ƙirga sittin. Wai hoto zai ɗauka. Aka fashe da dariya, gama kowa yana ganin babbar wayarsa ta leƙo daga aljihu. Wani dattijo ya juyo wurinmu ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, gaya mini. Yaushe mai doki ya koma hawan dokin kara?"

Ba mu ba Baba amsa mai gamsarwa ran nan ba. Bayan mako uku saurayin ya aiko da hoton daga birni. Baƙi da fari ne, girmansa kamar tafin hannu. Buhuna sun fito sarai, waɗanda suka tsaya cik sun fito, wani yaro da ya yi ta juya kai ya zama kamar hayaƙi, akuyar da ta ratsa ta gabansu kuwa ba ta fito ba ko kaɗan. An manna hoton a bangon sito, har yau mutane suna zuwa kallo suna gardama a kan akuyar nan. Hotunan da aka ɗauka da waya a wannan rana sun fi hamsin, amma ba mu ji wanda ya sake buɗe su ba.

To, ga amsar da muka riƙe wa Baba. Ra'ayinmu shi ne, mutum yana jin daɗin abin da ya san cikinsa, ya sa hannunsa a ciki, ya kuma jira shi. Manomi ya fi kowa sanin wannan. Bari mu bi maganar daki-daki.

Yadda gwangwani yake ɗaukan hoto

Ku da kuke kwana a ɗakin kwano kun riga kun ga abin. Idan akwai hujin ƙusa a rufi, da tsakar rana za ku ga ɗigon haske a kan daɓe. Ku lura da kyau. Ko hujin ya karkace, ko yana da kusurwa, ɗigon nan kullum a kewaye yake kamar kwabo. Dalili kuwa shi ne, abin da kuke gani siffar rana ce ita kanta, hujin ne ya sauko da ita ƙasa. Haka kuma yake a inuwar itace, inda 'yan kafofin da ke tsakanin ganye suke zuba ɗigo-ɗigon haske a ƙasa.

Waɗanda suka ga husufin rana na ran Laraba 29 ga Maris, 2006 za su tuna. Da hantsi gari ya yi duhu a wuraren Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram, a sauran wurare kuwa rana ta ragu ƙwarai. Wanda ya dubi ƙasa a gindin itace kafin duhun ya cika ya ga ɗigon hasken nan duka sun koma kamar lauje, ɗari bisa ɗari. Kowace kafa tsakanin ganye ta zama akwatin hoto, tana nuna yadda wata ya rufe gefen rana.

Asirin abin ɗaya ne, watau haske a miƙe yake tafiya, kamar igiyar shuka da aka ja ta yi tsai. Ku ɗauka akwai itacen giginya gaban wani ɗaki mai duhu, ƙofar ɗakin kuwa tana da ɗan huji. Hasken da ya taso daga kan giginya zai bi ta hujin ya sauka ƙasan bango. Wanda ya taso daga gindinta zai bi ta hujin ya hau sama. Saboda haka giginya za ta bayyana a bango, kanta a ƙasa, gindinta a sama. Idan aka sa takardar hoto, watau takarda mai magani wadda haske yake baƙanta ta, a wurin bangon, to, an sami hoto. Gwangwanin saurayin nan ɗaki mai duhu ne ƙarami. Ya shafe cikinsa da baƙin fenti, ya huda shi da bakin allura, hujin bai kai rabin milimita ba, ya toshe da baƙar leda mai danƙo. Cire ledar da mayar da ita, shi ne dukan aikin.

Wannan sani tsoho ne. Wani malami na ƙasar Sin mai suna Mozi da almajiransa sun rubuta labarin siffar da take juyewa ta cikin huji kimanin shekara 400 kafin haihuwar Almasihu. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965 ya yi aikinsa a Alƙahira, ya jera fitilu a waje da ɗaki mai duhu, ya nuna kowace fitila tana aika haskenta a miƙe ta cikin kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba. Littafinsa a kan gani da haske, Kitab al-Manazir, an juya shi zuwa Latin, masanan Turai sun yi ƙarnuka suna karatunsa.

Daga akwati zuwa aljihu

Abin da ya daɗe yana gagarar mutane shi ne kama siffar ta zauna. Wajen 1826 wani Bafaranshe mai suna Niépce ya sa akwati a tagar gidansa, ya bar shi buɗe aƙalla awa 8, ya sami hoton rufin ɗakuna a kan farantin ƙarfe. Shi ne hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara wanda yake nan har yanzu. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da akwatin Kodak, da fim na hoto 100 a ciki. In fim ya ƙare sai ka aika da akwatin gaba ɗaya zuwa kamfani, su wanke, su mayar maka. Alkawarin da suka yi wa mai saye shi ne, kai dai danna, sauran aiki nasu ne. A 1900 suka fito da Brownie, akwatin kwali, kuɗinsa dala ɗaya.

Iyayenmu sun san wani irin akwati dabam. Shi ne na katako mai ƙafa uku, wanda mai hoto yakan kafa a bakin kasuwa ko kusa da ofishin gwamnati a garuruwan Nijeriya da Gana. A cikin akwatin akwai 'yan tasoshin magani biyu, a jikinsa kuma akwai hannun riga baƙi inda mai hoto yake zura hannu ya wanke takarda a cikin duhu. Zai cire murfin gilashi, ya ƙirga, ya mayar. Hoton farko yakan fito a juye, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, sai ya sake ɗaukan wannan ɗin domin ya sami na gaskiya. Sunan da ake kiransa da Turanci ma'anarsa "jira ka karɓa". Irin wannan akwati kafinta ne yake yinsa. A birnin Kabul na Afganistan an yi ta ɗaukan hoton katin shaida da shi har cikin shekarun 2000.

Daga baya zamani ya juya. A 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak ya harhaɗa kyamara ta farko marar fim. Wajen shekara ta 2000 aka fara sayar da waya mai kyamara a Japan. A 2012 kamfanin Kodak kansa ya kai ƙara kotu cewa bashi ya fi ƙarfinsa. Yau ga shi har a ƙauyukanmu da wuya a yi biki ko taro ba a ga wayoyi a sama ba.

Masu komawa baya

Kowa zai zaci maganar akwati ta ƙare ke nan. Amma tun 2001, kowace shekara ran Lahadin ƙarshe ta watan Afrilu, mutane a ƙasashe da yawa sukan ɗauki hoto da kyamarar hujin allura, suna kiran ranar ta duniya ce ta wannan irin hoto. Waɗansu da kwalin takalmi, waɗansu da gidan ashana, waɗansu da gwangwanin fenti. A 2006 masu hoto shida a jihar Kalifoniya ta Amurka suka toshe kowace kafa ta wani tsohon ɗakin ajiye jiragen sama, suka bar huji ɗaya na kimanin milimita 6, suka ɗauki hoto a kan yadi mai tsawon ƙafa 111 cikin minti 35. A Ingila wata ɗaliba ta liƙa gwangwanin abin sha da takardar hoto a ciki a jikin ginin duban taurari na jami'ar Hertfordshire a 2012. Aka manta da shi, sai a 2020 aka sauko da shi. Takardar ta nuna layin tafiyar rana 2,953, daga fitowa zuwa faɗuwa, shekara takwas a hoto ɗaya. A 2024 kuma kamfanin Ricoh na Japan ya fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17, domin ya ga samari da 'yan mata suna neman irinta.

Waɗannan mutane duka suna da waya. Me suke nema? Mun ga dalilai huɗu.

Na fari: sanin cikin kayan aiki

Fartanyarka ka san ta. Ka san maƙerin da ya ƙera ta, in ƙota ta karye kai za ka sare wata ka sa. Amma a ƙauyuka nawa muka ga injin ban ruwa ko tarakta a kwance shekara da shekaru, kaji suna kwana a ƙarƙashi, domin wani ɗan ƙarfe ya lalace ba a san inda za a samo shi ba? Waya ta fi tarakta rufe cikinta. In ka tambayi mai ita yadda siffar mutum take shiga ciki, sai ya ce ai haka aka yi ta. Alkawarin 1888 ya cika har ya wuce, mu dai dannawa ce tamu.

Wanda ya yi kyamara da gwangwani ya san kowane abu da yake faruwa a ciki. In hoto ya yi baƙi ƙirin, ya san ya bar hujin buɗe ya daɗe. In ya yi dishi-dishi, ya san hujin ya yi faɗi ko gwangwani ya motsa. In wani baƙin tabo ya fito a gefe, ya san murfi yana yoyon haske. Kuskuren nasa ne, gyaran ma nasa ne. Akwai wani irin daɗi a cikin wannan wanda ba a saye da kuɗi, irin daɗin da mutum yake ji sa'ad da ya ci tuwon dawar da ya noma. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyu: ƙaranci da jira

Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36. Gwangwani kuwa takarda ɗaya yake ci, in ka ɗauka sai ka koma ɗaki mai duhu kafin ka sa wata. Manomin da yake da mudu ɗaya tak na iri mai kyau ba ya watsa shi haka kawai. Zai dubi ƙasa, ya dubi sama, ya jira ruwa ya zauna. Haka mai takarda ɗaya yake yi. Zai tsaya ya duba ina rana take, ina inuwa ta faɗi, wa ya tsaya bayan wa, me ke bayan mutanen. Kafin ya buɗe hujin ya riga ya ga wurin da idonsa sosai.

Seydou Keïta na Bamako a ƙasar Mali misali ne. Ɗan kafinta ne, shi ma ya koyi sassaƙa. A 1935 kawunsa ya kawo masa akwatin Brownie daga Senegal, a 1948 ya buɗe wurin ɗaukan hoto. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, yana rataya zane a baya. Saboda tsadar kaya, yawanci sau ɗaya yake ɗaukan kowane mutum, don haka yakan ɗauki lokaci yana gyara zaman mutum, da inda hannu zai kwanta, da yadda ɗankwali zai tsaya. Ya rasu a 2001. A 2016 aka baje hotunansa a babban zauren Grand Palais na birnin Paris, mutane suna bin layi domin su ga fuskokin talakawan Bamako na shekarun 1950.

Ban da ƙaranci akwai jira. Tsakanin ɗauka da ganin hoto akwai kwanaki, mutum yana ta tunani ko ya fito ko bai fito ba. Mu da muke binne iri mu yi wata uku ko huɗu muna duban sama, ba sai an koya mana ba cewa jira yana ƙara wa abu daraja. Waɗanda suka taɓa tsayawa a ɗakin wanke hoto ƙarƙashin jar fitila, suka ga fuska tana fitowa sannu a hankali a kan farar takarda cikin ruwan magani, sukan ce kamar tsirowar shuka ne bayan ruwan fari.

Na uku: amana

Wayoyin zamani ba sa ba ka abin da gilashinsu ya gani yadda yake. In ka danna sau ɗaya, da yawa daga cikinsu sukan ɗauki hotuna barkatai cikin ƙiftawar ido, 'yar kwamfutar da ke ciki ta haɗa su, ta ƙara haske, ta ƙara launi. Waɗansu sukan goge tamoji da kurajen fuska, har su haskaka fata, ko da mai waya bai roƙa ba. Kun ga hotunan biki inda amarya ta fito har uwarta ba ta gane ta ba. Daga wajen 2022 kuma abin ya ƙaru, gama yanzu na'ura tana iya ƙaga hoton abin da bai taɓa faruwa ba, da gonar da ba a taɓa nomawa ba, da mutumin da ba a taɓa haifa ba. Dā mukan ce gani ya kori ji. Yau sai an yi hattara da ganin ma.

A cikin gwangwani babu kowa tsakanin haske da takarda. Ba mu ce ba shi da nasa aibi ba, ga shi ya haɗiye akuya ɗungum. Amma kowa a ƙauyen nan ya gane dalili da aka bayyana masa: akuya ba ta tsaya wuri ɗaya ba har haskenta ya kama takarda. Aibin da ka san dalilinsa ba ya ruɗinka.

Na huɗu: abin da za a riƙe a hannu

Wannan shi ya fi damunmu, shi ne kuma ya sa muka ga maganar ta cancanci shafin nan. A wata ƙungiya da muke ziyarta, magatakarda ya yi shekara uku yana ɗaukan kome da wayarsa: gonar gwaji tun daga shuka har girbi, rasiɗan taki, ranar raba riba, ginin sito. Ran wata kasuwa aka zare wayar daga aljihunsa. Bai taɓa wanke ko ɗaya ba, bai kuma ajiye su wani wuri ba. Bayan 'yan watanni tsohon shugaban ƙungiyar ya rasu, aka nemi hotonsa domin takardar jana'iza. Aka bi gida-gida. Wannan ya ce wayarsa ta faɗa ruwa, wancan ya ce ya goge domin wuri ya cika, wani ya ce ya sayar da tasa. A ƙarshe matar marigayin ta buɗe adakarta, ta fito da wani ɗan hoto baƙi da fari daga ƙarƙashin zannuwa, wanda mai akwatin katako ya ɗauke shi a bakin kasuwa tun yana saurayi. Da shi aka yi jana'iza. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku yi tunani a kan wannan. Babu tsarar da aka ɗauka hoto kamar tamu, amma mai yiwuwa ne jikokinmu su rasa fuskokinmu, alhali muna da na kakanninmu. Hoton takarda ba ya bukatar caji, ba ya bukatar lambar sirri. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana iya ɗauko shi ta nuna wa jika. Ana miƙa shi hannu zuwa hannu, mutum biyar su haɗa kai a kansa suna hira. Masu komawa ga akwati da fim sun gane wannan, suna son abin da za su rataya a bango.

Hakkin waya

Kada a ce malaman gona sun hana waya. Mu ma da ita muke aiki kullum. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta bayyana a Afirka a farkon 2016, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da aka fara ganinta, sau nawa manomi ya ɗauki hoton ganye ya aiko mana, muka ba shi shawara kafin rana ta faɗi? Gwangwani ba zai yi wannan ba har abada. Ga ciwon dabba, ga shaidar ɓarnar ambaliya, ga gaisuwa da ɗa da yake nesa. A nan waya ba ta da na biyu.

Har wa yau, dole mu faɗi gaskiya a kan kuɗi. Fim da takardar hoto da magungunan wankewa daga waje ake kawo su, suna da tsada, samunsu kuma sai a manyan birane. Ruwan maganin da aka yi aiki da shi yana ɗauke da azurfa, ba a zubar da shi kusa da rijiya ko tafkin kifi. Gaskiya ne kuma, a cikin masu wannan sha'awa a Turai da Amurka akwai waɗanda yayi kawai suke bi, ƙoshi ne ya sa su zaɓen tuwo. Abin dariya ma, da yawansu in sun gama wanke hoton sai su sa shi a intanet. Ba za mu ce wa kowace ƙungiya ta taɓa kuɗin taki ta sayi fim ba. Abin da muke so a ɗauka shi ne darasin, shi kuwa kyauta ne.

Abin da kowace ƙungiya za ta iya yi

Da fari, ku yi wa yara kyamarar kallo, wadda ba ta bukatar magani ko kaɗan. Mun koye ta a kwalejin horon malamai, mun kuma gwada ta da 'yan firamare sau da yawa. A sami gwangwani marar murfi, a huda tsakiyar gindinsa da siririyar ƙusa, huji ɗaya. A sami farar takarda marar kauri, a shafa mata ɗan man gyaɗa har haske ya riƙa ratsa ta, a rufe bakin gwangwani da ita a ɗaure da roba. Yaro ya lulluɓe kansa da bakin gwangwanin da zane mai kauri, ya bar gindin a waje, ya nufi itace ko ɗaki da rana ta haska sosai, ya riƙe takardar kamar taƙi ɗaya daga idonsa. In ya ɗan jira idonsa ya saba da duhu, zai ga itacen a takarda, kansa a ƙasa. Ku bar shi ya faɗaɗa hujin ya ga siffar ta ƙara haske amma ta rage fitowa sarai. Kada ku gaya masa dalili da wuri, ku bar shi ya yi ta tambaya. Gargaɗi ɗaya: kada kowa ya leƙa rana da ido ta cikin huji, gama tana ƙona ido.

Na biyu, in kuna da ɗaki ko sito mai duhu sosai, ku toshe kafofinsa da tsumma, ku bar huji ɗaya kamar faɗin ƙwayar gyaɗa a taga ko ƙofa, ku rataya farin zane a ciki daura da shi. Manya ma za su yi mamakin ganin masu wucewa suna tafiya da ka.

Na uku, kowace shekara bayan girbi ƙungiya ta zauna ta zaɓi hotuna goma daga wayoyin 'yan ƙungiya, a kai gari a wanke su a takarda. Goma kawai, domin zaɓen shi zai sa a yi tunani. A rubuta a bayan kowane ɗaya da fensir: sunayen mutane, da wuri, da kwanan wata. A sa su cikin ambulan, a ajiye cikin gwangwani mai murfi tare da littafin ƙungiya, nesa da laima da gara.

Na huɗu, ku fito da tsofaffin hotunan da ke cikin adaka tun dattawan da suka san mutanen ciki suna da rai. Ku tambaye su, ku rubuta sunaye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, ko da waya za ku ɗauka, ku ari halin mai gwangwani. Ku tsaya, ku dubi haske, ku jera mutane da kyau, ku ɗauka sau ɗaya ko biyu, sa'an nan ku mayar da waya aljihu ku shiga cikin taron da idonku.

Baba, ga amsarka. Yaron nan bai raina dokinsa ba, gobe ma shi zai hau in tafiya ta yi nisa. Amma dokin kara shi ya yanke shi, shi ya yi masa linzami, ya san yadda aka yi shi tun daga kai har wutsiya. Shi ya sa hotonsa yake bangon sito, ku kuma kuke tsayawa gabansa kuna neman akuya.

Muna jiran wasiƙunku. Ƙungiyar da ta gwada kyamarar kallo ta rubuto mana abin da yara suka ce. Allah ya kai mu damina lafiya.